Ramin da Kuka Bari a Hanyar Bakin Gulbi

Zuwa ga mai girma shugaban furojen hanyar yawon ƙafa ta bakin gulbi, Madarunfa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da duk waɗanda ke aiki a ƙarƙashinka, ina roƙon ka daure ka karanta wannan takarda har ƙarshenta, ko da ta yi maka tsawo.

Sunana Laminu. Tela ne ni, shagona yana bakin kasuwar Madarunfa. Ban taɓa rubuta wa wani babba takarda ba, wannan ma ban so ta fito bainar jama'a ba. Tun damanar bara nake sintiri a bironku na nan garin. Duk zuwan da na yi, ma'aikacin da ke wurin yakan ba ni kujera, ya saurare ni da mutunci, sannan ya ce kana Maraɗi, ko kana Yamai, ko kana taro, amma zai isar maka. Ko ya isar ko bai isar ba, Allah ne masani. Ni dai har yau ban ga fuskarka ba, ban ji muryarka ba, kuma wata damanar ta kusa. Shi ya sa na sa maganar inda kowa zai gani, ko Allah ya sa wani da ya san ka ya karanta ya gaya maka.

Maganar a kan wana ce, Idi, wanda mutanen kasuwa ke kira Idi Mai Igiya. Ya haura shekara sittin. Makaho ne. A yanzu da nake rubutun nan yana kwance a ɗakinsa can ƙauyenmu, bai iya tashi ba, kuma rami ne na aikinku ya kwantar da shi.

Na farko: turbar da kuka tarar

Ƙauyenmu yana bayan daji, gefen gulbi. Tun kafin a haifi kakanmu akwai turbar da ke fitowa daga ƙauyen, ta ratsa dajin, ta bi gaɓar gulbi, ta ɓullo kusa da tabki, ta shigo gari. Ta nan muke zuwa kasuwa da masallacin Juma'a da asibiti, ta nan ake ɗauko amarya, ta nan ake zuwa gaisuwar mutuwa.

Ƙyanda ce ta ɗauke wa Idi ido tun yana ƙarami, ni ba a ma haife ni ba. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, ta ƙi yarda a zaunar da shi a zaure. Duk ranar da za ta shigo gari sayar da daddawa sai ta riƙo hannunsa, tana tafe tana sa shi taɓa itatuwa, tana tsayar da shi ya ji inda rairayi ya ƙare laka ta fara. Daga baya ta daina riƙe shi, ta koma bin sa a baya. Daga baya ta daina zuwa ma. Lokacin da aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, a nan garin, shi ne ke kawo ni da safe, yana gaba ina baya, don ni ina tsoron dajin shi kuwa ba ya tsoro.

Ranka ya daɗe, ban san yadda zan bayyana maka yadda ya san turbar nan ba. Akwai wata saiwar kanya da ta gitta hanya, da ita yake sanin ya yi rabi. Akwai inda warin bagaruwa ke tare mutum, akwai inda iska ke canjawa saboda itatuwa sun buɗe. In ya fara jin hayaniyar tsuntsayen ruwa ya san tabki na hannun hagunsa, gari ya kusa. Yakan gane mutum daga takunsa tun kafin ya yi sallama. Mutane da yawa da suka gamu da shi a dajin nan ba su san makaho ba ne sai da ya matso.

Sana'arsa tufkar igiya. Da kaba yake yi, daga baya ya koma haɗawa da zaren tsofaffin buhuna. Igiyar guga, igiyar ɗaure dabbobi, igiyar ɗaurin kayan amalanke. Ranar kasuwa da ranar Juma'a zai ɗora dami a ka, ya ɗauki sandarsa, ya shigo gari shi kaɗai. Da wannan ya yi aure, da shi ya aurar da 'yarsa ɗaya da ke Ɗan Issa yanzu, da shi yake ciyar da matarsa Rabi. Bai taɓa tsayawa ƙofar wani ya roƙa ba. Ina faɗin haka ne don ka san mutumin da muke magana a kansa yana da abin yinsa da mutuncinsa, kuma duka biyun a kan turbar nan suke tafiya.

Na biyu: alkawarin da aka yi mana

Da furojenku ya zo, an tara mu a gindin tsamiyar ƙofar mai gari. Ina wurin, Idi ma yana wurin. Mutanenku suka yi bayani mai daɗi. Suka ce za a gyara hanya ta musamman a cikin dajin, wadda baƙi za su riƙa bi da ƙafa suna shan iska, suna kallon itatuwa da tsuntsaye. Za a sa kujerun siminti, za a kafa alluna masu sunayen itatuwa, za a gina hasumiya a bakin gulbi don hangen tsuntsaye. Za a kewaye wurin da waya don hana sare-sare. Suka ce matasanmu za su samu aiki, matanmu za su samu masu sayen abincinsu.

Mun yi murna, ba zan ɓoye ba. Mu ma muna ganin yadda dajin ke ƙarewa. Wata tsohuwa ce ta ɗaga murya daga cikin mata ta tambayi makomar turbarmu in an sa waya. Wanda ya jagoranci tawagar ya amsa a gaban kowa, kuma ina riƙe da maganarsa: “Ba wanda za a tare wa hanya. Za a bar muku ƙofa ta ɓangarenku, ku shiga ku fita yadda kuka saba.”

Idi ya fi kowa jin daɗin labarin. A hanyarmu ta komawa yana ta dariya, wai ashe akwai mutanen da za su baro garuruwansu, su biya kuɗi, don kawai su yi tafiyar ƙasa a inda shi yake yi kullum. Ya ce ashe shekara da shekaru yawon shaƙatawa yake yi bai sani ba. Da aka fara aiki, mutanenku sun sayi igiya a hannunsa mai yawa, suka ɗaɗɗaura a jikin turaku a gefen hanyar don ta yi kyau a ido, kuma sun biya shi cif, wannan gaskiyarku ce. Ya yi kwanaki yana gaya wa duk wanda ya zo shagona cewa igiyarsa ce baƙi za su riƙa dafawa.

Na uku: waya da ƙofa

An sa waya. Ƙofar da aka ce za a bar mana ba a bar ta ba. Ƙofofi biyu aka yi, ɗaya ta ɓangaren gari inda baƙi ke biyan dala ɗari su karɓi takardar shiga, ɗaya kuma ta ma'aikata, wadda ta fi kusa da mu amma kullum a kulle. Muka wayi gari turbar kakanninmu ta ƙare a jikin waya.

Aka ce mu zagaya ta hanyar mota. Ga mai ƙafa da ido, zagayen nan wahala ce kawai. Ga makaho kuwa hanya ce da ba ta da alama ko ɗaya, sai ƙarar 'yan kabu-kabu da manyan motoci da ƙura. Idi ya gwada. Wata rana wani mai moto, wato babur, ya goge shi da kaya, daminsa ya watse a kan hanya, mutane suka tattara masa. Daga nan ya koma jiran wanda zai ja shi, mutumin da rabonsa da ɗan jagora tun yana yaro. Kasuwa ta riƙa wuce shi. Na ga ya fara rama tun a lokacin, kafin komai ya faru.

Mai garinmu ya kai kuka, ba sau ɗaya ba. A ƙarshe aka yi mana sassauci: ranar kasuwa da ranar Juma'a za a buɗe ƙofar ma'aikata da safe, mutanen ƙauye su wuce ba biya, amma da sharaɗin su bi sabuwar hanya, kada su sauka daga kanta. Tsohuwar turba an dasa itatuwa a kai.

Sabuwar hanyar nan an zuba mata jar tsakuwa daga farko har ƙarshe. An sare saiwoyin da suka gitta, an datse rassan da suka sunkuyo. Ga mai ido ta yi kyau. Shi Idi cewa ya yi ko'ina iri ɗaya yake ji a tafin ƙafarsa, kamar yana taka wuri guda. Amma bai yi fushi ba. Ya sa na raka shi 'yan lokuta, yana taɓa kujerun siminti da turaku, yana haddace kowace kwana ta hanyar, har ya ce ya iya, in koma bakin kekena. Kuma ya iya ɗin. Ya yi rani guda yana bin ta shi kaɗai lafiya lau.

Na huɗu: ramin

A wata kwana da ke kusa da gaɓa, ma'aikatanku suka haƙa ramin harsashin hasumiyar da aka ce za a gina. Rami ne mai faɗi, zurfinsa ya fi tsayin mutum. Suka zuba siminti a ƙasansa, suka kakkafa sandunan ƙarfe suna kallon sama. Sai aikin ya tsaya. Mun ji an ce kuɗin wannan zangon ne suka ƙare, ana jiran na gaba. Maginan suka kwashe kayansu suka tafi, ba su rufe ba, ba su kewaye ba. A lokacin ramin yana can gefe, hanya ba ta bi ta kansa, shi ya sa ba wanda ya damu.

Da ruwan farko na damanar bara ya sauka, gulbi ya kawo da ƙarfi, ya cinye gaɓa a daidai wurin, wani yanki na sabuwar hanyar ya rufta. Mutanenku suka zo suka karkatar da hanyar ta ciki. Suka jera duwatsu suka toshe inda ya rufta, suka share wata 'yar siririyar hanya da ke wucewa dab da bakin ramin, suka kafa allo mai kibiya da rubutun Faransanci. Duk wannan a tsakiyar mako aka yi shi. Ba a aiko wa mai gari ba. Ba a faɗa a masallaci ba.

Ranar Juma'a da hantsi Idi ya ɗauki daminsa ya fito. Mai gadin ƙofar ma'aikata ya buɗe masa, suka gaisa, har ya tambaye shi ya ruwa. Bai ce masa komai game da hanyar ba. Daga baya mutumin nan ya zo har shagona, idonsa cike da hawaye, ya ce wallahi sha'afa ya yi, kuma ba wanda ya umarce shi ya riƙa faɗa wa masu wucewa. Na yarda da shi, ban riƙe shi a rai ba.

Abin da ya biyo baya daga bakin Idi na ji shi. Ya ce yana cikin tafiya sandarsa ta bugi duwatsu a inda bai san da duwatsu ba. Ya tsaya ya saurara, ya ji ƙarar ruwa ta matso fiye da yadda ya saba, sai ya gane gaɓa ta ci hanya. Ya yi kira ko akwai wani kusa, shiru. Ya laluba ta dama ya ji an share wuri, ya gane ta nan mutane ke bi, sai ya bi a hankali. Ƙasar bakin ramin ta jiƙe. Sandarsa ta taɓa ƙasa, ya sa ƙafa, ƙasar ta tafi da shi.

Ya faɗa kan simintin da gefensa. Ƙashin kwatangwalonsa ya karye, ɗaya daga sandunan ƙarfen ta yage masa cinya. A cikin ramin akwai ruwan sama da laka da suka taru. Ya ja jiki ya jingina da bango don kada fuskarsa ta nutse, ya yi ta kira. Mutanen ƙauye sun riga sun wuce tun da sassafe, baƙi kuma ba su zo ba saboda hadari ya haɗu.

Al'adarmu ce duk Juma'a ya biyo ta shagona ya ajiye kaya, mu tafi masallaci tare. Da ban gan shi ba na ɗauka hadarin ne ya hana shi fitowa. Rabi kuma a gida ta ɗauka yana wurina. Aka yi sallah, aka sauko, ruwa ya tsuge. Duk ruwan nan a kansa ya ƙare, yana jin yana hawa daga ƙugunsa zuwa cikinsa. Ya ce da muryarsa ta dushe sai ya bar kiran mutane ya koma salati, don ya sa a ransa nan ne kabarinsa.

Sai bayan la'asar wani masunci da ke dawowa daga tabki ya ga damin igiya yashe a bakin rami, ya leƙa. Shi ya ruga ƙauye ya kira mutane. Da igiyoyin damin nasa aka ɗaure shi aka jawo shi sama, yana suma yana farfaɗowa. Aka kawo amalanke, sai aka tarar ƙofar ma'aikata a kulle, mai gadi ya tashi tun da ruwa ya fara. Dole aka datse waya da gatari aka fitar da shi. Na ji daga baya har an yi maganar wa ya lalata wayar furoje. In ana neman wanda zai amsa wannan, ni ne, a rubuta sunana.

Na biyar: abin da ya biyo baya

Daga asibitin garin nan aka tura mu Maraɗi. Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu. Suka ɗauki hoton ƙashi, suka ce karayar a mummunan wuri take, ga shekaru, ga raunin cinya da ya sha laka yini guda har ya ruɓe. Sai da suka yi ta fama da raunin kafin su waiwayi ƙashin, lokacin kuma ya riga ya kama a karkace. Mun daɗe a can. Rabi ta sayar da tumakinta, ni na sayar da ɗaya daga kekunan ɗinkina biyu, 'yarsa ta zo daga Ɗan Issa da abin da mijinta ya iya. Ba lissafi na zo yi maka ba. Mun dawo da shi gida a kwance, kuma a kwance yake har yau.

Ban sani ba ko ka taɓa jinyar wanda ba ya iya juyawa da kansa. Rabi tsohuwa ce, ita ke juya shi, ita ke wanke shi, ita ke kwashe abin da ya fita daga jikinsa. Bayansa ya yi gyambo saboda kwanciya. Zafin bazarar nan ya same shi a ɗaki mai rufin kwano. Hannuwansa lafiya lau suke, wani lokaci yakan ce a miƙo masa kaba, ya fara tufka, amma ba ya iya zama, tufka kuma ba ta yiwuwa a rigingine, sai ya ajiye. Da can in ka shiga gidan muryarsa za ka fara ji. Yanzu sai ka yi sallama sau biyu kafin ya amsa.

Daga ɓangarenku mutum ɗaya ya zo, bayan mun dawo daga Maraɗi. Ya zo da buhun shinkafa ƙarami da sabulu, mun gode. Ya zauna a bakin ƙofa ya yi jaje, ya ce ƙaddara ce, muka ce haka ne. Da zai tashi na raka shi waje, na tambaye shi me furoje zai yi game da jinyar da kuma ramin. Sai ya gyara tsayuwa ya ce mini, cikin lallashi, kamar mai tuna mini abin da na manta: “Ai ka san akwai allo a wurin.”

Ranka ya daɗe, ɗakin ba shi da ƙyaure, labule ne. Idi ya ji. Da na koma ciki ya tambaye ni me aka rubuta a allon. Na ce ban sani ba, ni ma Faransancina bai kai nan ba. Ya ce to.

Mu Musulmi ne, mun yarda abin da ya same shi rubutacce ne tun kafin a halicce shi. Amma yarda da ƙaddara bai ɗauke wa kowa nauyin abin da hannunsa ya aikata ba. Mutane ne suka haƙa ramin, mutane ne suka tafi suka bar shi a buɗe, mutane ne suka karkato da hanya zuwa bakinsa. Kun san akwai makaho da ke bin hanyar nan, don a hannunsa kuka sayi igiyar da kuka ƙawata ta da ita. Inda hanya take shimfiɗe ba haɗari, an ja igiya hagu da dama. Bakin ramin kuwa ko taku ɗaya na igiya ba a ja ba. Da an ja, da sandarsa ta taɓa ta.

Na shida: abin da na gani da idona

A makon jiya na rufe shago, na je ƙofar baƙi, na biya dala ɗari kamar kowa, na shiga. Ina so in ga abin da baƙi ke gani.

Zan faɗi gaskiya, wurin ya yi kyau. Inda aka hana sara itatuwa sun murmure. Na ga ƙananan gawo da marke sun taso a inda da fili ne. Na ga balbelu da zalɓe a bakin ruwa, na ji kukan tsuntsayen da rabona da su tun ina yaro. Na tarar da wasu ɗalibai daga Maraɗi da malaminsu suna karanta sunayen itatuwa, da wani magidanci da matarsa zaune a kujerar siminti suna cin gyaɗa. Ban ji haushinsu ba. Na ce a raina da wannan abu an yi shi da mu, da alheri ne.

Sai na kai kwanar. Ramin yana nan yadda yake. Sandunan ƙarfen sun yi tsatsa, suna nan a tsaye. Ƙayar da ke kewaye da bakinsa mutanen ƙauyenmu ne suka sara suka jibga bayan abin ya faru, ta bushe, iska ta kwashe rabinta. Allon ya faɗi, gara ta ci ƙafarsa. Gaɓa kuma ta ƙara matsowa, tsakaninta da ramin bai fi a shimfiɗa tabarma ba, kuma ta wannan tsakanin ne matanmu ke wucewa da kaya a ka da goyo a baya duk ranar kasuwa. Gabas ta fara yin baƙi da yamma. In gulbi ya sake kawowa irin na bara, ban san abin da zai rage na wurin ba.

Abin da nake roƙo

Ba na neman a rufe hanyar yawo, ba na neman a kori mai gadi ko ma'aikacin biro. Ga abin da nake roƙo, don Allah.

A cike ramin nan kafin ruwa ya sauka. In har za a gina hasumiyar wata rana, a rufe shi da abin da zai ɗauki nauyin mutum, a yanke ƙarafan. In furoje ba shi da kuɗin lebura, a ba mu izini kawai, mutanen ƙauyenmu sun ce za su fito da shebur da kwanduna su cike shi a yini ɗaya. Abin da ya hana su har yanzu tsoron a ce sun taɓa kayan furoje ne.

A cika alkawarin gindin tsamiya. A buɗe mana ƙofa ta ɓangarenmu, kullum, ba ranar kasuwa da Juma'a kaɗai ba. Ciwo da naƙuda ba su san ranar kasuwa ba. Kuma duk lokacin da za a canja hanya, a aiko wa mai gari a faɗa da baki, don yawancin masu bin ta ba su karanta allo, masu idon ma.

A dubi jinyar Idi. Likitan Maraɗi ya ce tafiya kam da wuya, amma in an samu katifa mai kyau da maganin gyambon da keken guragu, zai iya zama, a fito da shi inuwa, ya koma tufkarsa. Wannan ya fi ƙarfina yanzu.

Na ƙarshe, ka zo da kanka. Ba sai ka riƙo komai ba. Ka zauna a ɗakin, ka gaya masa da bakinka cewa kuskure aka yi, ba laifinsa ba ne. Tun ranar da ya ji maganar allo yake ganin kamar shi ake tuhuma da faɗawa ramin.

Ina roƙon kada a ja lokaci. Shekaranjiya da na je duba shi, ya sa Rabi ta ɗauko takalmansa na fata daga ƙarƙashin gado, waɗanda ya saya ana saura kwanaki kaɗan abin ya faru, bai ko gama sabawa da su ba. Ya shafa su, ya miƙo mini, ya ce in kai wa maƙwabcinsu da ke zuwa gona ba takalmi. Na ce ya bari, zai buƙace su in ya samu sauƙi. Ya ce, “Laminu, kai su. Kada fata ta bushe a banza.” Na karɓa, amma ban kai ba. Suna nan a shagona, ƙarƙashin teburin yanka, kuma ban san ranar da zan iya gaya masa ba.

Allah ya ba ka ikon sauke nauyin da aka ɗora maka. Allah ya tsare ƙafarka da ta 'ya'yanka a duk hanyar da za ku bi, ya bar maka idonka da lafiyarka har tsufa, ya sa kada ka taɓa kira a rasa mai amsa maka. Allah ya ba Idi sauƙi, ya ba Rabi ladan haƙurinta, ya sa damanar bana ta zo mana da alheri.

Wassalam.

Naka,
Laminu tela, ƙanen Idi Mai Igiya,
bakin kasuwa, Madarunfa.